Lafcadio Hearn, ɗan jarida mai ido ɗaya da ya kai tatsuniyoyin Japan duniya

Idan ka tsayar da matashi a Birni ko Zango ko Sabon Gari a nan Damagaram, ka tambaye shi abin da ya sani game da ƙasar Japan, zai fara maka da Toyota da Yamaha, ya bi da Naruto da Dragon Ball da yake kallo a wayarsa. Shekaru ɗari da talatin da suka wuce, wanda yake son sanin yadda mutanen Japan suke zaune a gidajensu, da abin da suke tsoro, da abin da suke faɗa wa ƴaƴansu da dare, littafi ne kaɗai hanyarsa. Sunan da ya fi fitowa a bangon irin waɗannan littattafai kuwa shi ne Lafcadio Hearn. Baƙo ne a ƙasar, ya shige ta yana ɗan shekara 39, ya rasu a cikinta bayan shekaru 14 ba tare da ya iya karanta jaridar Japananci ba. Duk da haka, har gobe yaran Japan suna karanta labaran da ya rubuta, da sunan da ya ɗauka a can, wato Koizumi Yakumo.

An haife shi ranar 27 ga watan Yuni 1850 a tsibirin Lefkada na ƙasar Girka, lokacin tsibirin yana ƙarƙashin Ingila, kuma daga sunan tsibirin aka ciro masa suna. Mahaifinsa, Charles Hearn, likitan soja ne ɗan Ayilan. Mahaifiyarsa, Rosa Cassimati, ƴar Girka ce. Yana ɗan shekara biyu aka kai shi birnin Dublin wajen dangin uba, inda uwar ba ta jin harshen mutane, su ma ba su karɓe ta ba. A 1854 ta koma ƙasarsu, yaron bai sake ganin ta ba. Uban ya raba auren, ya auri wata, ya tafi Indiya. Wata tsohuwa mai dukiya, ƴar'uwar kakarsa, Sarah Brenane, ita ta riƙe shi ta sa shi makarantar kwana ta ƴan Katolika a Ushaw, arewacin Ingila.

A can ne, yana ɗan shekara 16, aka ji masa rauni wajen wasa, idonsa na hagu ya mutu. Na daman ma ba ya gani sai ya kai takarda dab da fuska. Shi ya sa kusan duk hotunansa a kaikaice aka ɗauke su, ko kuma yana sunkuye. A wannan tsakani uban ya rasu a hanyar dawowa daga Indiya, dukiyar tsohuwar ta ƙare, aka cire shi daga makaranta. Ya sha wahala a Landan, har a 1869 dangi suka biya masa kuɗin jirgin ruwa zuwa Amurka, suka huta da shi.

Ya sauka birnin Cincinnati ba ko sisi. Wani mai maɗaba'a, Henry Watkin, ya ba shi wurin kwana a shagonsa ya koya masa aikin ɗab'i. Daga 1872 ya fara rubutu a jaridar Enquirer, ya yi suna da labaran kisan kai da na unguwannin talakawa da sauran ƴan jarida ba sa takawa. Yakan je bakin kogin Ohio ya zauna da baƙaƙen fata ƴan dakon jiragen ruwa, yana rubuta waƙoƙinsu da yadda suke magana. A 1874 ya auri Alethea Foley, wadda aka haifa cikin bauta, alhali dokar jihar Ohio ta hana aure tsakanin farar fata da baƙar fata. Da maganar ta fito, jaridar ta kore shi a 1875. Auren ma bai daɗe ba, kuma a 1877 ya bar garin ya bar ta. Wannan na cikin wuraren da tarihinsa bai yi kyau ba, don shi da aka yasar yana yaro, ya san ciwon abin.

Shekaru goman da ya yi a New Orleans su ne za su fi jan hankalin waɗanda suka yi karatu da Faransanci irinmu. Ya iya harshen sosai, ya juya rubutun Théophile Gautier da Maupassant da Flaubert da Anatole France zuwa Turanci. Amma abin da ya fi ɗauke masa hankali shi ne Faransancin da ba a koyarwa a aji, wato Kiriyol, harshen da bayi da jikokinsu suka ƙera. A 1885 ya fitar da Gombo Zhèbes, tarin karin magana 352 na Kiriyol, ya kuma fitar da littafin girke-girken garin. Daga 1887 zuwa 1889 ya zauna a Martinik, a garin Saint-Pierre, yana bin mata ƴan talla masu ɗaukar kaya a ka, yana rubuta tatsuniyoyin da ake yi wa yara. Dutsen Pelée ya yi aman wuta ranar 8 ga Mayu 1902 ya shafe garin baki ɗaya, don haka rubutun nasa ya zama ɗaya daga cikin shaidun da suka rage na rayuwar wurin.

Mujallar Harper's ce ta tura shi Japan. Ya sauka Yokohama ranar 4 ga Afirilu 1890, ba a jima ba ya ɓata da mujallar a kan kuɗi, ya sake zama ba aiki a ƙasar da bai san kowa ba. Wani jami'in ma'aikatar ilimi, Hattori Ichizo, wanda suka haɗu a baje kolin New Orleans, tare da masanin harshen Japan Basil Hall Chamberlain, suka samo masa aikin koyar da Turanci a Matsue, wani ƙaramin gari a gaɓar yamma, nesa da layin dogo da hayaniyar Tokyo.

Japan ta lokacin tana gudu ne. Tun daga 1868 da aka mayar da mulki hannun sarki Meiji, ƙasar ta dukufa wajen koyon duk abin da Turawa suka iya: jirgin ƙasa, waya, soja, masana'antu, jami'a. An rushe darajar samurai, tsoffin mayaƙan da suka riƙe ƙasar ɗaruruwan shekaru, gidajensu da yawa suka faɗa talauci. Turawan da suka zo suna rubuta labarin wannan ci gaba. Shi kuwa Hearn ya juya baya ga masana'antu, ya kasa kunne. Abin da ya fara rubutawa game da safiyar Matsue shi ne ƙarar taɓarya ta masu surfen shinkafa, sai ƙararrawar wurin ibada, sai kiran masu tallan ganye, sai ƙwas-ƙwas ɗin takalman katako a kan gada. Duk wanda ya tashi a gidan da dakan asuba ke tashin mutane daga barci zai gane dalilin da ya sa ya fara da wannan. Mutumin da ido ya gaza masa, da kunne yake shiga gari.

Sanyin hunturun Matsue ya kwantar da shi a farkon 1891, aka nemo wata mata ta riƙa kula da shi. Sunanta Koizumi Setsu, an haife ta a 1868 a gidan samurai da arziki ya gudu, ta bar makaranta tana ƙarama ta kama saƙa don ciyar da iyali. Suka yi aure. Ita ba ta jin Turanci, shi kuma Japanancinsa gutsi-gutsi ne, sai suka ƙirƙiro wani gurɓataccen Japananci na kansu da ba mai fahimta sosai sai mutanen gidan. Da wannan harshe aka haifi mafi yawan labaran da duniya ta sani da sunansa.

Ga yadda aikin yake gudana, kamar yadda ita da kanta ta bayyana daga baya. Setsu za ta bi shagunan tsoffin littattafai ta sayo tarin labaran da, waɗanda aka buga da tsohon rubutu. Ta karanta, ta riƙe. Da dare ya yi a rage hasken fitila, ta zauna ta ba shi labarin. Bai yarda ta karanto masa daga takarda ba. Sai ta ajiye littafin, ta faɗa da bakinta da muryarta, kamar abin ya faru da ita. Yakan tsayar da ita ya tambayi yadda muryar matar cikin labarin take, ko wane irin dare ne, ko yaya ƙarar takalmin ta kasance, ya sa ta maimaita wuri ɗaya sau da yawa. Daga nan ya hau teburinsa, wanda aka yi masa da tsawo don takarda ta kusanci idonsa, ya rubuta da Turanci, ya goge, ya sake. Teburin yana nan a gidan tarihinsa na Matsue.

A taƙaice, tatsuniya ce irin wadda muka sani, ta dare, daga bakin mace, sai dai mai sauraron ba yaro ba ne, ɗan jarida ne da ya shekara ashirin yana koyon yadda ake riƙe mai karatu.

Littafinsa na farko a kan Japan, Glimpses of Unfamiliar Japan, ya fito a 1894 cikin juzu'i biyu: kasuwanni, bukukuwa, makabartu, lambun gida, kayan wasan yara, halin ɗalibansa a aji. Daga nan kusan kowace shekara sai ya fitar da sabo, har suka haura goma. Ya koyar a Kumamoto daga ƙarshen 1891, inda shugaban makarantar shi ne Kano Jigoro, wanda ya kafa wasan judo (sunansa ke nan, ba ruwansa da Kanon Dabo). A 1894 ya koma aikin jarida a Kobe. A 1896 ya zama ɗan ƙasar Japan, kuma dalilin na gida ne: da ya yi rajistar auren a matsayin ɗan Ingila, da Setsu ta rasa ƴancinta na ƴar ƙasa da damar mallakar gida. Sai shi ya shiga dangin matarsa ya ɗauki sunansu, Koizumi. A shekarar ce Jami'ar Tokyo ta ba shi kujerar koyar da adabin Turanci.

Ya yi wa yara nasu littattafan. Wani mai buga littattafai a Tokyo, Hasegawa Takejiro, yana fitar da tatsuniyoyin Japan da harsunan Turai a kan wata takarda mai laushi kamar ƙyalle, da hotuna masu launi da ake bugawa da hannu daga sassaƙen katako. Hearn ya rubuta masa guda biyar. Wanda ya fi shahara ya fito a 1898, shekarar da aka kashe Kyaftin Cazemajou a nan Zinder. Labarin wani almajirin wurin ibada ne da malaminsa ya sallama saboda ba ya aikin komai sai zanen kyanwa. Ya kwana a wani kangon wurin ibada, ya cika bango da zanen kyanwoyi, ya shige wani ɗan lungu ya yi barci. Cikin dare ya ji ana dambe. Da gari ya waye sai ga mushen wata dodanniyar gafiya da ta fi saniya girma, bakin kyanwoyin zanen kuma duk jini. Ba a tsaya yi wa yaro wa'azi ba, an bar shi da mamaki, wanda shi ne aikin tatsuniya.

Kwaidan, littafinsa na labaran fatalwa da aljanu, ya fito a 1904. Bahaushe ba zai ji baƙunta a cikinsa ba. Akwai Hoichi, makahon mawaƙi mai kaɗa wani abu kamar molo, wanda matattun wani gidan sarauta suke zuwa ɗauka kowane dare ya yi musu waƙar yaƙin da suka hallaka a ciki. Da malamin wurin ibada ya gane, sai ya sa aka rubuce jikinsa duka da nassin addininsu don fatalwa ta kasa ganin sa, amma aka manta da kunnuwa. Da ɗan aiken matattu ya zo bai ga komai ba sai kunnuwa biyu, ya fizge su ya tafi da su. Akwai aljanar ƙanƙara da ta bar wani saurayi da rai bisa sharaɗin kada ya faɗa wa kowa ya gan ta, daga baya ta zo a siffar mutum ta aure shi ta haifa masa ƴaƴa goma, har ranar da bakinsa ya suɓuce. An juya littafin zuwa Faransanci a 1910, kuma fim ɗin da Kobayashi Masaki ya yi daga labaran Hearn ya samu lambar yabo ta musamman a bikin Cannes na 1965.

Labari ɗaya kuwa ya wuce nishaɗi. A watan Yuni 1896 igiyar teku ta afka wa gaɓar Sanriku ta kashe mutane wajen 22,000. Abin ya girgiza Hearn, ya rubuta labarin wani dattijon ƙauye da ya ga teku ta ja da baya bayan girgizar ƙasa, ya gane abin da ke tafe, ya cinna wa damin shinkafarsa wuta a kan tudu. Mutanen ƙauye suka rugo kashe gobara, ruwa ya zo ya tarar ba kowa a ƙasa. Wannan rubutu na 1897 yana cikin na farko da suka shigar da kalmar tsunami cikin Turanci. Mutumin gaske ne, Hamaguchi Goryo na ƙauyen Hiro, kuma abin ya faru a 1854. Sai dai Hearn ya gyara labarin: Hamaguchi ba tsoho ba ne a lokacin, ɗan kasuwa ne mai shekara talatin da ƴan kai, kuma ya kunna wutar ne bayan ruwa ya riga ya shigo, don ya haska wa masu gudu hanya cikin duhu. Wani malamin makaranta, Nakai Tsunezo, ya mayar da labarin Hearn zuwa Japananci mai sauƙi, aka sa shi a littafin karatun firamare daga 1937 zuwa 1947. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 5 ga Nuwamba don wayar da kai game da tsunami, kuma daga wannan labari aka ɗauko ranar.

Wannan gyara da ya yi wa tarihin Hamaguchi yana nuna inda ya kamata mai karatu ya yi hattara da shi. Hearn ya so tsohuwar Japan, ya ƙi jinin sabuwa. Tokyo ba ta taɓa kwanta masa ba. Japan ɗin littattafansa ƙasar murmushi ce da haƙuri da girmama magabata, alhali a shekarun da yake rubutun ƙasar ta yaƙi Sin a 1894 ta karɓe Taiwan, ta kuma shiga yaƙi da Rasha a 1904. Masu sukarsa sun ce ya ƙera wa Turawa Japan ɗin da suke son gani, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma a gwada shi da abin da matafiyan Turai na zamaninsa suka rubuta a kan ƙasashenmu, inda mutum yake fitowa kamar wani ɓangare na daji. Shi ya zauna a tabarmar mutane, ya ci abincinsu, ya auri ƴarsu, ya ɗauki abin da tsohuwa ke faɗa a matsayin ilimi. A ganina wannan ne ya sa Japanawa suka karɓe shi, har suka mayar da Turancinsa zuwa harshensu suna karanta wa ƴaƴansu.

Saura maganar suna. A gabatarwar Kwaidan ya ambaci tsoffin littattafan da aka ɗebo labaran, ya ambaci wani manomi da ya ba shi labarin aljanar ƙanƙara, amma sunan Setsu bai fito ba. Iyalinsa sun ruwaito cewa a cikin gida yakan nuna mata jerin littattafan ya gaya mata albarkacinta ne aka same su. A bango dai sunansa ne kaɗai.

Mu a Damagaram muna da irin wannan. Dorugu, wanda aka haifa wajen 1840 a Dambanas kusa da Kance, an kama shi bawa yana yaro, aka bi da shi ta Zinder zuwa Kukawa. Matafiyin nan Bajamushe Adolf Overweg ya ƴanta shi, ya bi Heinrich Barth har Tumbuktu, ya isa Ingila a 1855. A can ya zauna gidan wani ɗan mishan, James Frederick Schön, yana faɗa masa tarihin rayuwarsa da tatsuniyoyin gida, shi kuma yana rubutawa. Littafin Magana Hausa ya fito a 1885, shekara ɗaya da karin maganar Kiriyol na Hearn, da sunan Schön a kai. Turawan da suka koyi Hausa a ƙarshen wancan ƙarni, Hausar wannan yaro na ƙasar Kance suka yi ta karantawa. Dorugu ya rasu a Kano a 1912. A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da tarihin nasa da Turanci tare da bayanin ko wane ne shi, kuma ko a nan, bangon littafin Arewacin Najeriya ya ambata. Yara nawa ne a makarantun Zinder ko Matamaye suka taɓa jin sunansa? A Matsue, gidan da Hearn ya zauna ƴan watanni kawai an adana shi, kuma tun 1933 aka buɗe gidan tarihi kusa da shi.

Ƙarshen Hearn ya zo da sauri. A 1903 Jami'ar Tokyo ta ƙi sabunta masa kwantaragi, ɗalibai suka yi bore, amma aka ba da kujerar ga Natsume Soseki, wanda daga baya ya zama babban marubucin ƙasar. Ya koma koyarwa a Jami'ar Waseda. Ciwon zuciya ya kashe shi a gidansa na Tokyo ranar 26 ga Satumba 1904, yana da shekara 54, ya bar ƴaƴa huɗu, maza uku da mace ɗaya. An binne shi a makabartar Zoshigaya bisa al'adar addinin Buda. Littafinsa na ƙarshe, wanda ya yi ƙoƙarin bayyana addini da tsarin iyalin Japan, ya fito a shekarar bai gan shi ba.

Setsu ta rayu shekaru 28 bayansa, ta raini yaran, ta bar ɗan littafin tunawa da mijinta, wanda daga cikinsa ne aka san yadda ake zaman daren nan na fitila. Ta rasu a 1932, kabarinta yana kusa da nasa. A 2025 gidan talabijin na ƙasar, NHK, ya fara nuna wasan kwaikwayo na kowace safiya da aka gina a kan rayuwarta, kuma a wannan karon ita ce tauraruwar labarin, baƙon mai ido ɗaya mijinta ne.